Idan tururin ruwa ne ya fi riƙe zafi, me ya sa ake ɗora wa CO2 laifin ɗumamar duniya?

Tambaya: Na karanta cewa tururin ruwa ne ke riƙe mafi yawan zafin da ke sararin sama, iskar kabon dayoksaid (CO2) kuwa ba ta kai ko kashi ɗaya cikin dubu na iskar da muke shaƙa ba. Na kuma ji cewa su kansu masana ba su da tabbas a kan lissafinsu. To, ina tabbas ya tsaya, ina kuma shakka ta fara?

Amsa: Malam, duka abubuwa ukun da ka ji gaskiya ne. Tururin ruwa ne babba a cikin iskoki masu riƙe zafi, CO2 'yar kaɗan ce, kuma akwai wuraren da lissafin masana bai tsaya a kan lamba ɗaya ba. Inda gizo ke saƙar shi ne wajen haɗa su wuri guda. Wanda ya ji su a jere zai ɗauka a kan tururin ne shakkar take, alhali aikin da tururin yake yi yana cikin abubuwan da aka fi sani a wannan fanni. Shakkar tana wajen gizagizai, da burbushin hayaƙi, da can ƙololuwar sama inda awo ke da wuya.

Mu fara kawar da batun ƙanƙantar CO2. Rana tana ɗumama doron ƙasa, ƙasa kuma tana mayar da zafin sama a matsayin hasken infared, wanda ido ba ya gani. Naitirojin da oksijin, waɗanda su ne kusan kashi 99 cikin 100 na busasshiyar iska, ba sa tare wannan haske. Ratsa su yake yi ya wuce. Saboda haka gwada yawan CO2 da dukan iska gwaji ne mara amfani, domin mafi yawan iskar 'yar kallo ce. Masu aikin su ne tururin ruwa, CO2, metan, naitiros oksaid da ozon, kuma tun a 1859 John Tyndall ya auna wannan a ɗakin gwaji a Landan. Ba don su ba, da matsakaicin zafin duniya ya tsaya wajen digiri 18 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyos, maimakon kusan 15 da muke da shi. Wannan tazara ta digiri 33, idan aka raba ta kamar yadda masanan NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, suka lissafa a 2010, tururin ruwa na da kusan rabi, gizagizai kusan kwata, CO2 kusan kashi 20 cikin 100, sauran iskokin su raba ragowar.

To me ya sa ba a bin babban? Domin tururin ruwa ɗan amshi ne, ba shi ke bayar da waƙar ba. Yawansa a sama zafin iskar ne ke yanke shi. Iska mai digiri 10 ba ta iya ɗaukar fiye da kusan giram 9 na ruwa a cikin wuri mai mita ɗaya-ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi. A digiri 20 tana ɗaukar giram 17. A digiri 30 kuma giram 30. A taƙaice, kowane digiri ɗaya na ƙarin zafi yana ba iska damar ɗaukar ƙarin kusan kashi 7 cikin 100. Abin da ya wuce wannan iyaka sai ya dunƙule ya zama raɓa ko gajimare, ya sauko. Ƙwayar ruwa ba ta daɗewa a sama fiye da kwana tara a matsakaici, kuma da za a matse dukan tururin da ke sararin sama a lokaci guda, zurfin ruwan da zai rufe duniya bai wuce milimita 25 ba. Ko yau aka fesa tururi mai yawa a iska, kafin mako biyu ya koma inda ya fito. Shi ya sa tururin da ke fita daga masana'antu da tashoshin lantarki ba ya cikin abin da ake damuwa da shi.

CO2 ba ta dunƙulewa a zafi ko sanyin da ake samu a sararinmu. Kusan rabin abin da ake fitarwa kowace shekara teku da tsirrai suna shanyewa, sauran ya tsaya, wani kaso ma har dubban shekaru. Kafin zamanin masana'antu tana kusan kashi 280 cikin miliyan. Da Charles Keeling ya fara auna ta a dutsen Mauna Loa na Hawai a 1958 ta kai kusan 315, yanzu ta haura 420. Ita ce ke ɗaga zafin da farko, tururin ya biyo bayanta ya ƙara. An gwada akasin haka a manhajar kwamfuta mai kwaikwayon yanayi a 2010: aka cire CO2 da sauran iskokin da ba sa dunƙulewa, aka bar tururi shi kaɗai. Bai iya riƙe kansa ba. Sanyi ya fara, tururin ya zube, sanyin ya ƙaru, cikin shekara 50 na lissafin zafin duniya ya faɗi da kusan digiri 35, tururin da ya rage a sama bai wuce kashi 10 cikin 100 na asalinsa ba.

Akwai wata tsohuwar hujja da takan biyo bayan tambayarka, kuma ta cancanci amsa domin masana ne suka fara kawo ta. Bayan Svante Arrhenius ya lissafa a 1896 cewa ninka CO2 zai ɗaga zafi da digiri 5 zuwa 6, Knut Ångström ya ce a 1900 ai CO2 ɗin da ke sama ta riga ta tare duk abin da za ta iya tarewa, tururin ruwa kuma ya rufe sauran, don haka ƙari ba zai yi komai ba. An daɗe ana karɓar wannan magana. Kuskurenta biyu ne. Na farko, kowace iska tana da tsawon zangon hasken da take sha. CO2 ta fi ƙarfi a zangon maikiromita 15 (maikiromita kashi ɗaya ne cikin miliyan na mita), kuma ko da tsakiyar zangon ya cika, gefunansa suna ci gaba da faɗaɗa idan aka ƙara ta. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, zafi yana barin duniya ne daga can sama, daga tsayin da iska ta yi sirantar da haske zai iya kuɓuta. A can akwai sanyi ƙwarai, don haka iskar busasshiya ce, tururi kaɗan ne, CO2 kuwa tana nan gauraye daidai da yadda take a ƙasa. Ƙara ta yana tura wannan ƙofar fita zuwa sama, inda ya fi sanyi (zafi na raguwa da kusan digiri 6.5 a kowace kilomita), abu mai sanyi kuma ba ya fitar da zafi da yawa. Sai abin da ke fita ya gaza abin da ke shigowa, har ƙasa ta ɗumama ta cike giɓin. Abin da ya rage na gaskiya a hujjar Ångström shi ne ƙarfin CO2 ba ya hawa miƙe: daga 280 zuwa 560 da kuma daga 560 zuwa 1120 tasirinsu kusan ɗaya ne. Shi ya sa ake yin lissafin a kan ninki.

Yanzu ga lissafin kansa, da alƙaluman rahoto na shida na kwamitin IPCC na 2021, wato kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi, domin a nan ne za ka ga inda shakkar take zaune. Ninka CO2 yana tsare ƙarin wat 3.93 na ƙarfin zafi a kowane murabba'in mita. Duniya kuma idan ta ɗumama da digiri ɗaya tana ƙara fitar da wat 3.22. Raba na farko da na biyu, ka sami digiri 1.2. Wannan shi ne aikin CO2 ita kaɗai, kuma da wuya ka sami masanin da ke jayayya a kansa. Sai 'yan amshi su shigo, kowanne yana rage wa duniya ƙarfin fitar da zafi. Tururin ruwa, haɗe da sauyin yadda zafi ke raguwa zuwa sama, yana cire 1.30 daga 3.22, saura 1.92, amsar ta koma kusan digiri 2. Narkewar ƙanƙara, wadda ke tona ƙasa da ruwa masu duhu su sha hasken rana, tana cire 0.35, amsar ta zama 2.5. Gizagizai ana ƙiyasta suna cire 0.42, amsar ta kai 3.4.

Dubi lambar gizagizan nan, 0.42, da kyau. Iyakokin da aka ba ta sun tashi daga 0.10 ƙasa da sifili zuwa 0.94. Sa ƙaramar a lissafin, ka sami kusan digiri 2.4. Sa babbar, ka haura digiri 6. Lamba ɗaya ce ta buɗe wannan tazara. Ka kuma lura da abin da rabawa ke yi: kuskure ta ɓangaren sauƙi ya rage digiri ɗaya kacal, kuskure kwatankwacinsa ta ɗaya ɓangaren ya ƙara kusan uku, saboda abin da ake rabawa da shi yana matsowa kusa da sifili. Mai cewa "tunda ba tabbas, wataƙila abin bai kai haka ba" ya faɗi rabin magana. Wutsiyar shakkar ta fi tsawo ta wajen muni.

Me ya sa aka amince da lambar tururi? Syukuro Manabe da Richard Wetherald sun nuna a 1967 cewa idan laimar iska, gwargwadon abin da take iya ɗauka, ta tsaya yadda take yayin da zafi ke hawa, ninka CO2 na ba da kusan digiri 2.3, idan kuwa an hana tururin ƙaruwa sai 1.3. A lokacin zato ne. Daga baya an sami damar gwada shi. Dutsen Pinatubo na Filifins ya yi aman wuta a Yunin 1991, burbushin salfa da ya watsa ya sanyaya duniya da kusan rabin digiri, taurarin ɗan'adam suka ga sararin sama ya bushe daidai gwargwado. Manhajojin da aka cire wa amshin tururi sun kasa samar da sanyin da aka auna; masu shi suka dace. Tun 1987 kuma taurarin ɗan'adam ke auna tururin da ke bisa teku, kuma ƙaruwarsa tana tafiya kusa da kashi 7 ɗin nan a kowane digiri.

Duk da haka fannin tururi ma yana da ramukansa. Wanda ya fi tasiri a riƙe zafi shi ne ɗan tururin da ke tsayin kilomita 8 zuwa 15 a yankunan tsakiyar duniya masu zafi, ba wanda muke ji a jiki ba, kuma nan ne awo ya fi wahala. Na'urorin da ake ɗaura wa balan-balan a aika sama suna jinkirin amsawa a tsananin sanyi, rana tana ɗumama su su nuna bushewar da babu ita, ƙanƙara takan daskare a kansu idan sun ratsa gajimare. Ƙari a kan haka, ƙasashe sun sauya irin na'urar sau da yawa, kowane sauyi yana barin tsalle a jerin alƙaluma wanda mai gaggawa zai ɗauka sauyin yanayi ne. Duk jadawalin da aka nuna maka na "saman sama yana bushewa" daga tsofaffin bayanan balan-balan, fara tambayar ko an gyara waɗannan tsalle-tsallen. Sa'ar da aka yi ita ce kuskuren nan yana cin kansa. Manhajar da ta ɗumama saman sama fiye da kima tana tara tururi da yawa a can, wanda ke ƙara zafi, amma saman da ya ɗumama yana fitar da zafi da yawa, wanda ke ragewa. Shi ya sa ake haɗa su a lamba ɗaya, 1.30, kuma manhajoji sun fi yarda da juna a kan jimillar fiye da kowanne shi kaɗai. Wani ramin da har yanzu ake bincike a kansa: a busassun yankunan doron ƙasa, laimar iska ba ta ƙaru a 'yan shekarun nan yadda manhajoji suka yi hasashe ba.

Gizagizai su ne ƙashin wuya, domin aiki biyu masu karo da juna suke yi. Suna mayar da hasken rana, suna kuma riƙe zafin ƙasa. A jimilla yau suna sanyaya duniya da kusan wat 20 a murabba'in mita, wato ninki biyar na tasirin ninka CO2. Sauyi kaɗan a cikinsu ya isa ya karkatar da amsar. Na ƙasa-ƙasa masu kauri, irin waɗanda ke shimfiɗe bisa teku a gaɓar Peru, Namibiya da Kalifoniya, masu sanyayawa ne. Na can sama, sirara masu ƙanƙara, suna barin rana ta shigo su hana zafi fita. An fi samun natsuwa a kan cewa na sama za su ƙara hawa yayin da duniya ke ɗumama, wanda ke ƙara zafi. Na ƙasa kuwa shaidun baya-bayan nan sun karkata ga cewa za su yi sirara su ragu, amma da nawa? Sannan a tekun da ke kewaye da Antatika akwai gizagizan da ruwansu bai daskare ba duk da sanyin ya wuce sifili. Gajimaren ruwa ya fi na ƙanƙara haske. Tsofaffin manhajoji sun cika musu ƙanƙara, don haka da ɗumi ya zo sai ƙanƙarar ta zama ruwa, gajimaren ya ƙara haske, a sami sanyayawar da ta fi ta gaske. Da aka gyara wannan, wasu sababbin manhajoji suka yi tsalle suka haura digiri 5. Masana ba su karɓi wannan ido rufe ba: an gwada su da tarihin zafi da na zamanin ƙanƙara, aka ga da yawansu sun yi zafi fiye da kima, aka rage musu nauyi a rahoton 2021. Richard Lindzen ya kawo shawara a 2001 cewa gizagizan sama na yankuna masu zafi za su tsuke su bar zafi ya fita har ya soke yawancin ɗumin. An bi ta da awo, ba a sami tasiri mai girman da ya faɗa ba.

Tushen wahalar a fili yake. Manhajar yanayi tana yanka duniya gida-gida, kowane gida kusan kilomita 100 a faɗi, gajimare kuwa yana iya zama ƙasa da kilomita ɗaya, ɗigon da ke cikinsa bai kai kaurin gashi ba. Ba a lissafa kowane gajimare. Ƙa'idar ƙiyasi ake rubutawa, cewa in laima da zafi da motsin iska sun kai kaza, gajimare zai rufe kaso kaza na gidan. Cibiyoyi daban-daban suna rubuta ƙa'idar daban, amsoshinsu su bambanta.

Sama da inda ake ruwa da hadari akwai sashen da ake kira sitiratosfiya, inda tururi bai wuce kashi 4 zuwa 5 cikin miliyan ba, kuma a can dokar kwana tara ba ta aiki, domin ba ruwan saman da zai wanke shi. Wani yana haurowa daga ƙasa, wani kuma daga rugujewar metan yake samuwa. Bayan shekarar 2000 ya ragu da kusan kashi 10 cikin 100, kuma binciken Susan Solomon na 2010 ya ƙiyasta hakan ya rage saurin ɗumama na shekaru goman da suka biyo da kusan kwata. A Janairun 2022 dutsen Hunga Tonga ya fashe a ƙarƙashin teku ya harba kusan tan miliyan 150 na ruwa can, ƙarin kusan kashi 10 cikin 100 a rana ɗaya. Tasirinsa a zafin ƙasa ƙarami ne, don burbushin salfa da ya tafi tare da shi yana ja ta wajen sanyi. Wannan sashe yana ba da wata shaidar daban: yana sanyaya ne yayin da ƙasa ke ɗumama. Da rana ce ta ƙara ƙarfi, da sama da ƙasa sun ɗumama tare.

Tazarar ɗumin da ninka CO2 zai kawo, wadda rahoton masanin yanayi Jule Charney ya bayar a 1979, ita ce digiri 1.5 zuwa 4.5, kuma ta zauna kusan haka har rahoton IPCC na 2013. A 2021 aka tsuke ta zuwa 2.5 zuwa 4, da 3 a matsayin mafi kusa, 2 zuwa 5 kuma idan ana son ƙarin tabbaci. An yi haka ne ta haɗa hanyoyi uku da ba su dogara da juna ba: lissafin da muka yi a sama, ɗumin kusan digiri 1.1 da aka auna tsakanin 1850 zuwa 1900 da 2011 zuwa 2020, da kuma tsofaffin yanayin duniya da ake karantawa daga ƙanƙara da lakar ƙasan teku. A ganina abin lura shi ne ɓangaren ƙasa ne ya fi rufuwa. Ƙasa da digiri 2 ya zama da wuyar karewa.

Za ka iya cewa, tunda an san CO2 da aka ƙara, an san zafin da ya hau, me ya hana a raba kawai a huta? Burbushin hayaƙi ne ya hana. Ƙona kwal da mai yana fitar da salfa tare da CO2, burbushinta yana mayar da hasken rana, yana kuma zama ƙwayar da ɗigon gajimare ke taruwa a kai, sai ɗigon su yi yawa su ƙanƙance, gajimaren ya ƙara fari. An ƙiyasta sanyayawarsa da wat 1.1, amma iyakokin sun tashi daga 0.4 zuwa 1.7. In ya ɓoye ɗumi mai yawa, to duniya ta fi saurin amsa CO2 fiye da yadda awo ya nuna. In kaɗan ya ɓoye, amsar tana wajen ƙasa. Burbushin kuma kwanaki yake yi ya sauko, don haka duk inda aka tsabtace hayaƙi, ɓoyayyen ɗumin yana bayyana nan da nan. A Janairun 2020 aka rage iyakar salfa a man jiragen ruwa daga kashi 3.5 zuwa 0.5 cikin 100, kuma har yanzu ana muhawara a kan kason da hakan ya ɗauka a tsananin zafin 2023 da 2024. Don waɗannan tambayoyi biyu, gajimare da burbushi, hukumomin sararin samaniya na Turai da Japan suka harba tauraron EarthCARE a Mayun 2024. Yana ɗauke da na'urar leza mai yanka sararin sama daga bisa zuwa ƙasa ta ga burbushi da siraran gizagizai, da kuma rada mai auna saurin hawa da saukar ɗigon ruwa da ƙanƙara a cikin gajimare, abin da ba a taɓa aunawa daga sararin samaniya ba kafin shi.